Mista Marigayi

A aji biyu na sakandare na ajiye biro, ba kuma don na ƙoshi da karatun ba. Mahaifinmu ya kwanta ciwo, gona a Miga tana jiran hannu, aka duba cikin gida aka ga Yaya ya yi nisa a boko, ni kuwa ban yi nisa ba, sai aka ce ni zan dawo. Ana cin tuwo aka yanke wannan magana, ba wanda ya tambaye ni. Saboda haka Turancina na karanta allon kanti ne da kwalin magani. In rubutu ya wuce layi uku, sai na nemi mai karanta mini.

Da aka yi jiha, Dutse ta zama babban birni. Garin da a da in mota ta wuce ake fitowa kallo, sai ga shi ya cika da ma'aikata masu rungume da fayil. Kowa a cikinsu yana jin ƙishirwa, kuma ba mai shan ruwan randa. Yaya ya gane haka kafin kowa. Ya ajiye aikin koyarwa, ya sayar da rabonsa na gona, ya haƙa burtsatse a wani fili can bayan gari, a gindin duwatsu, inda dabinai suka yi layi. Ya sayo injin ɗaure ruwan leda daga Kano. Sannan ya aika Miga aka ce in zo.

Na zo. Shi yana ɗakin da muke kira ofis, da teburi da kujera mai hannu, ni ina ɗakin inji. Ni ke wanke tanki, ni ke canja matatar ruwa, ni ke ɗora naɗin leda, ni ke kwanciya ƙarƙashin janareta in ya yi gardama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, bai taɓa barina da yunwa ba, shi ya yi mini aure, kuma in baƙi sun zo yakan nuna ni ya ce, "Ga mai gidan ruwan nan, ni ɗan rakiya ne." A baki ke nan. A takarda kuwa, daga ta fili har lasin har lambar rajistar da ake bugawa a jikin kowace leda, sunansa ne shi kaɗai. Ba mugunta ba ce. Babu wanda ya taɓa tunanin abin, har ni.

Yana da wata ɗabi'a. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, gajeru, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ko ina cikin ƙarar inji nakan ji, in san nemana yake.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci ya rasu. Ranar Talata ya ce kansa na ciwo, ranar Juma'a muka kai shi makwancinsa. Ya bar mata ɗaya, malamar firamare, da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata uku, duk ƙanana.

Bayan sadakar arba'in na sami limamin unguwarmu a zaurensa, na yi masa tambaya kamar ta wani ce ba tawa ba. Ya dube ni, ya san tawa ce. Ya ce, "Matar tana da tumuni, sauran na 'ya'ya ne. Ɗan'uwa kuwa, in akwai ɗa namiji, an kange shi." Na ce, "Ko da shi ya yi aikin?" Ya ce, "Ladan aikinsa daban, gado daban. Gidan sunan wa yake?" Na ɗauki takalmina.

Sai na je wajen matar Yaya, tana cikin takaba, muka yi magana ta bayan labule. Na ce mata in aka raba gidan ruwan yanzu sayar da shi za a yi, injin ya tafi gabas, fili ya tafi yamma, yara su tashi ba komai. A bar shi yana juyawa, ni in riƙe, in yara sun girma a yi abin da ya dace. Ta ce, "Duk yadda ka gani, Baffansu." Haka take kirana, Baffan yara. Kuma na riƙe ɗin. Duk Juma'a ina kai musu cefane, kuɗin makaranta bai taɓa makara ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne, da lokacin sabunta lasin ya zo, ban je na ce mai gidan ya rasu ba. Na san ranar da na faɗi haka a ofis, za a ce a kawo magada, kuma ba na cikinsu. Sai na ɗauko wata tsohuwar takarda mai sa hannun Yaya, na zauna a kujerarsa, na yi ta kwaikwayo a bayan kwali har hannuna ya koya. Yana da wata lanƙwasa a ƙarshe kamar wutsiyar kunama. Ita ta fi ba ni wuya.

Haka Yaya ya ci gaba da rayuwa a cikin fayil ɗin gwamnati. A maƙabarta ciyawa ta fito a kansa ta bushe ta sake fitowa, a ofis kuwa yana nan da ransa, yana sa hannu, yana neman a sabunta masa.

Shekarun nan kuma ba su da daɗi ga mai irin kayana. Ko'ina wa'azi. A masallaci, a rediyo, a lasifikar mai sayar da kaset a tasha. Kuma kamar an haɗa baki, duk malamin da ya buɗe baki sai ya biyo ta kan dukiyar maraya, da wutar da mai cinta yake zubawa a cikinsa. Nakan ce a raina ai ni ba ci nake ba, riƙo nake. Duk da haka in aka zo wurin a rediyo, hannuna kan kai kan maɓalli kafin in yi niyya.

Wata rana ƙungiyarmu ta masu ruwan leda ta kira taro a wani ajin makaranta. Shugaba ya ce zamani ya canja, yanzu kowane gidan ruwa sai ya mallaki adireshin imel, ta nan sanarwa za ta riƙa zuwa. An riga an buɗe mini nawa a kafe, shagon intanet. Aka zagayo da farar takarda, kowa ya rubuta sunan mai gida, da sunan gidan ruwa, da imel, da lambar waya. Ta zo hannuna. Na duba dama da hagu, duk mutanen da suka sallaci Yaya ne, wasunsu da kafaɗarsu suka ɗauki makararsa. Ba zan rubuta sunana ba, don ba nawa ba ne. Ba kuma zan rubuta sunansa tsirara a gabansu ba, kamar yana zaune a gida yana shan shayi. Bahaushe ba ya yin haka. Sai na rubuta Marigayi, na bi shi da sunan. Na miƙa gaba. Sakatare ya tattara ya ce zai kai a buga da kwamfuta. Inda takardar nan ta bi daga nan, Allah kaɗai ya sani.

Mai kafen tsohon ɗan ajinmu ne, Bahaɗeje, wanda ya ƙarasa karatun da ni ban ƙarasa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, kwamfuta biyar, fanka ɗaya da ke juya zafi. Duk sati nakan leƙa ya buɗe mini akwatin saƙon, don ni ko linzamin kwamfutar ban iya riƙewa ba. Yawanci babu komai sai tallan banza.

Ranar wata Litinin da hantsi na shiga, ya ce, "A'a, Sarkin Ruwa! Ku da ba ku da kogi ku ne masu sayar da ruwa."

Na ce, "Ɗan masunta, buɗe mini, ina sauri. Ƙarnin kifi ya cika ɗakin nan."

Yana dariya ya danna. Sai dariyar ta tsaya. A fuskar kwamfutar ga tambarin gwamnati, dawakai biyu da mikiya, ga sunan hukumar da ke ba mu lasin da manyan baƙaƙe, ga jan hatimi a ƙasa. Ya gyara zama ya ce, "Mutumina, wannan babba ce."

Ni ba tambarin nake kallo ba. A duk shafin nan na Turanci, kalma ɗaya ce ta Hausa, kuma ita ta fara tsalle ta shige mini ido. Tana can sama, a layin farko. Marigayi.

Ya tsallake gaisuwar kamar yadda ake yi, ya tafi kan tsoka. Yana karantawa yana juya mini. Wai babban ofis ya binciki fayil ɗin gidan ruwanmu ya sami matsala a takardun mai gida. Wai nan da kwana bakwai za a zo a garƙame wurin, a kwashe inji, a gurfanar da wanda ake tuhuma. Wai akwai hanyar gyara, a biya tara a wani asusun banki, ga lambarsa. Wai kada a kuskura a je ofishinsu na nan jiha, don su ma ana bincikensu, kuma kada a gaya wa kowa. Da ya gama ya koma sama ya nuna da yatsa ya ce, "Ka gani, har sun san Malam ya rasu. Gwamnati ke nan, ba abin da ke ɓuya."

Shi ya faɗa ne don ya nuna mini wasiƙar ta gaske ce. Bai san ya soka mini wuƙa ba. A fayil ɗin gwamnati Yaya yana raye, ni na raya shi da hannuna. In yau gwamnati ta kira shi marigayi, to an tono. Sun san wanda yake sa hannu ba shi ba ne. Na ce ya fitar mini da ita a takarda. Ya ce, "Ka dai je ofishinsu ka tambaya, adireshin da ta fito ma bai kwanta mini ba." Na ce, "Ba ka ji sun ce kada a je ba?" Ya ɗaga kafaɗa, wani yana kiransa kan kwamfutarsa ta tsaya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da ba ni da abin ɓoyewa, da daga kafen nan ofishin zan wuce, tafiyar minti goma a kan babur.

Kwana biyu ina yawo da takardar a aljihun gaba, gumi ya jiƙa ta ta yi laushi. Duk farar motar da ta karyo kwanar gidan ruwa sai in leƙa ta taga. Na daina zama a kujerar Yaya. In na shiga ofis in ɗauki wani abu, sai in ga kamar kujerar ta ɗan juyo daga yadda na bar ta. Inji yana sara, leda tana faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarsa a goshinta, sai in tsaya ina kallo kamar yau na fara gani. Duk garin nan ana shan ruwa da sunan mutumin da ke cikin ƙasa, a tsotse a yar a kwata.

Ranar Laraba bayan azahar aka ɗauke wuta. Inji ya tsaya cak. Wanda bai yi aiki a irin wurin nan ba bai san shirun da ke biyo baya ba, har ɗigar ruwa a tanki kana ji. Ma'aikata biyu suka zauna a kan jakunkunan ruwa suna jiran in tada janareta. A cikin shirun nan wayata ta yi ƙara. Lamba ce da ban sani ba.

Muryar namiji ce, a natse, ba gaggawa. Ya yi sallama irin ta wanda ya koye ta a kasuwa, sannan a hankali, yana rarraba kalmar kamar mai tauna ƙashi, ya ce, "Ina magana da Alhaji Ma-ri-ga-yi?"

Ban san abin da ya shige ni ba. Na yi niyyar in ce ƙaninsa ne. Sai na ji maƙogwarona ya yi gyaran murya, sau biyu, gajeru. Na ce, "Shi ne."

Ma'aikatan nan biyu suka ɗago kai tare. Ɗayansu tsoho ne, tun zamanin Yaya yake wurin. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ofis, ya sake dubana. Leɓensa yana ta motsi.

Mai wayar ya koma Turanci, yana sassautawa don in gane. Na tsinci abin da na tsinta. Ya ce shi babban jami'i ne, yana so ya taimake ni don ya ga ni dattijo ne mai mutunci. Ya ce kwana biyar suka rage. Ya ce bayan tarar, in aika da hoton fasfo na mai gida da katin shaidarsa, don a gyara fayil. Duk jimlar da ya gama sai ya kira sunan nan, ni kuma ina amsawa, "Na'am. Na'am." Ya kashe wayar. Tsohon ma'aikacin nan ya tashi ya ce zai je ya sake alwala. Bai dawo ba sai washegari.

A lokacin ban tsaya na tambayi kaina ba, yaya mutumin da ya san Yaya ya rasu zai nemi magana da shi a waya. Tsoro ba ya barin mutum ya haɗa biyu da biyu. Abin da na ɗauka shi ne tarko ne, suna so su ji ko zan amsa sunan, kuma na amsa. Na yanke shawara zan biya, zan aika musu abin da suka ce, a rufe maganar.

Sai dai hoton Yaya da katinsa ba sa hannuna. Suna cikin akwatin matarsa.

Ranar Juma'a da safe na kai cefane kamar kullum, lokacin ana hutun makaranta. Matar Yaya ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta zauna a kujerar tsugunno tana gyaran zogale. Muka gaisa. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ina son hoton Yaya na fasfo da katinsa, zan dawo da su.

Ta ce, "Me za a yi da su, Baffansu?"

Na ce, "Harkar ofis ce."

"Wane ofis ne ke neman hoton wanda ya shekara biyar a ƙasa?"

Na kai hannu kan aljihuna. Ta ajiye tiren zogalen ta miƙo hannu, don ta ga gefen takardar ya leƙo daga aljihuna. Wallahi na yi niyyar in hana. Amma na gaji, kwana huɗu ina ɗauke da abin ni kaɗai. Na ba ta.

Ta sa tabarau. Ita ba ta tsallake gaisuwa ba, malamar makaranta ce, daga layin farko take farawa. Na ga ta karanta, ta koma, ta sake karantawa. Sai ta yi wata irin dariya, gajera, wadda ba ta da daɗin ji, ta rufe baki da gefen mayafi. Da ta sauke mayafin idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ka san abin da suka rubuta a nan? Zuwa ga Mista Marigayi. Muna fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka."

Na ce, "Me?"

"Ƙoshin lafiya suke masa fata. Ga shi kuma a ƙasa, Mista Marigayi, muna jiran amsarka da kanka. Baffansu, suna suka ɗauka. Sun zaci sunan yanka ne, irin wanda ake raɗa wa jariri. Wanda ya rubuta wannan bai san me kalmar take nufi ba. A wata takarda ya gan ta a gaban suna, ya kwafe."

Ban yarda nan take ba. Na ce, "Tambarin fa? Hatimin fa?"

Ta ce, "Tambarin nan yana jikin kowace takardar kuɗi, wa ya rasa shi? Duba asusun da suka ce a zuba tarar. Sunan mutum ne, ba na hukuma ba. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce fiye da shekara goma. Gwamnati ba ta raɗa. In za ta rufe ka, mota take turowa da kwaɗo da mutum mai fuska, a gaban jama'a. Ba ta cewa kada ka gaya wa kowa. Ba ta cewa kada ka zo ofishina. Wanda ya ce maka yi sauri kuma yi shiru, ɓarawo ne, ko da rawani ya zo."

Sai na tuna farar takardar ajin makaranta. Wuri ɗaya tak a duniya da na rubuta kalmar nan a gaban sunan Yaya, tare da imel da lambar wayata. Wuri ɗaya da na faɗi gaskiya, nan ɓarayi suka tsince ni. Na fara dariya ni ma, na ce, "Kai, Allah ya isa! 'Yan damfara ne ashe." Na miƙa hannu in karɓi takardar in tafi.

Ba ta sake ta ba.

Ta ce, "Zauna tukuna. Su na gane su. Kai ne ban gane ba." Ta cire tabarau. "Mutum mai gaskiya in aka ce masa an sami matsala a takardun mai gida, sai ya ce wace matsala, mai gida ai ya rasu, kowa ya sani. Kai kuwa ka rame cikin kwana huɗu, ka zo neman hotonsa. Me za ka nuna musu da hoton? Cewa yana nan?"

Kaji suna tsattsagar zogalen da ya zube, ba wanda ya kore su.

Ta ce, "Lasin ɗin nan, sunan wa ke kai yanzu?"

Na ce, "Nasa."

"Ana sabuntawa?"

"Ana yi."

"Wa ke sa hannu?"

Ta daɗe tana kallon hannuna na dama, har na ɗauke shi na sa a ƙarƙashin riga. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, a hankali, "Na yi masa takaba wata huɗu da kwana goma. Ashe kai ba ka bar shi ya kwanta ba."

Na ce mata duk abin da na yi don yara na yi. Ta ce ta sani, kuma ba ta taɓa kwana da yunwa ba, Allah ya saka. Amma ranar Litinin za ta kira kawun yaran da liman, a yi abin da aka jinkirta.

Na fito ina tura babur, ban ma hau ba. Ban kai bakin titi ba wayar ta sake ƙara, lambar nan ce. Muryar nan mai natsuwa ta ce, "Alhaji Marigayi?" Na tsaya a rana, mutane suna wucewa da dardumar Juma'a a kafaɗa. Na ce da Hausa, da ƙarfi, "Ya rasu." Ya ce bai ji ba. Na tattaro ɗan Turancina na ce masa mutumin ba ya nan, ya tafi. Sannan cikin ladabi ya tambaye ni yaushe zai dawo. Na kashe wayar, na cire batirin, na zauna a kan dakalin wani gida da ban san mai shi ba, har aka tayar da salla ban tashi ba.

Kafin a raba gado sai da aka nemi takardar shaidar rasuwa, don babu ita, ni na ƙi nema tun farko. Aka ce ni zan je, ni ne ɗan'uwansa na jini. Na je kotu na yi rantsuwa, na kai wani ofis. Akawun ya tambaye ni ranar, na faɗa. Ya ɗago ya ce, "Shekara biyar, sai yau?" Na ce, "Sai yau." Ya rubuta sunan Yaya, ya buga hatimi, ya turo mini in sa hannu a matsayin mai shaida. Na ɗauki biro, sai hannuna ya fara lanƙwasar nan tasa da kansa. Da ƙyar na tsayar da shi. Na soke, na rubuta nawa a gefe, wani cakurkuɗaɗɗen abu kamar na ɗan aji uku. Akawun ya duba ya ce ba komai, haka ma ya yi.

A ofishin hukumar kuwa, wanda na kwana huɗu ina gudu, matar Yaya ce ta shiga gaba da takardar a hannunta. Suka yi mini faɗa mai zafi a gaban mutane, suka ce in gode wa Allah magada ba su kai ƙara ba, aka cika abin da za a cika, aka mayar da lasin sunan magada. Da na nuna musu wasiƙar, wani jami'i ya buɗe durowa ya fito da irinta guda-guda har ya cika hannu. Ya ce masu burodi biyu da mai kemis ɗaya a Jahun sun riga sun biya kafin su zo tambaya.

An yi rabon a zauren liman, bai ɗauki awa ɗaya ba. Tumuni ga matar, saura ga 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Ni aka yi mini addu'a. Matar Yaya ta aiko a ce mini in ci gaba da riƙe wurin a kan albashi, kuma albashin ba laifi. Kawun yaran ya ce wannan ai alheri ne, in karɓa. Wataƙila alherin ne. Amma ni na haƙa ramin tankin nan da hannuna, ba zan tsaya a ƙofarsa ƙarshen wata ina jiran ambulan ba. Na ciro makullan daga aljihu, guda shida a zare ɗaya, na ajiye a kan buzun liman. Na ce na janareta yana cijewa, sai an ɗan ja shi baya kafin a murɗa. Na yi musu sallama.

Yanzu gyaran inji nake bi gidajen ruwan mutane, daga Dutse zuwa Kiyawa, da jakar sifana a bayan babur. In an kira ni na je, in ba a kira ba ina gindin bishiya. Gidan Yaya ma suna kirana in nasu ya tsaya, don har yau ba wanda ya san cikin injin nan kamar ni. Ina zuwa, in gyara, in faɗi kuɗina kamar na kowa, ba ragi.